Ɗakin da Na Soke da Jan Biro

Ƙofar Kwaya,
Katsina.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya, gajiyar hanya ta sake ka. Allah Ya tsare ka a masauki da wurin aiki, Ya haɗa ka da mutanen kirki a garin da ba ka san kowa ba, Ya raba ka da abokin da zai ja ka zuwa ga nadama. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ita za ta cusa takardar a ƙasan jakarka, tsakanin ƙullin yaji da kilishi, don ta ce nan ne kaɗai take da tabbacin hannunka zai kai kafin mako ya zagayo.

Na so in yi maka maganar nan baki da baki, amma kwanakinka na ƙarshe a gida ba ka zauna ba, daga wannan sallama sai waccan. Waya kuwa ka san ba ma shiri da ita. Ina fara magana sai in ji kana "To Baba, to Baba," ga ƙarar motoci a bayanka, in san kunne ɗaya kawai ka ara mini. Shi ya sa na ɗauko biro.

Zanen ƙarin ginin da ka bar mini na shimfiɗa shi a kan tabarma na duba sau uku. Ɗaki huɗu, falo, kicin, banɗaki biyu, da matakala a kusurwa tana jiran benen da za a ɗora wata rana. Abokinka injiniya ya iya aikinsa, zanen ya yi kyau. Kuma bari in faɗa maka tun daga farko, don kada ka ɗauka sanyaya maka gwiwa zan yi: ginin nan za ka yi shi, da yardar Allah, kuma za ka gama shi. Kana da albashin da ban taɓa riƙe irinsa ba, kana da haƙurin mahaifiyarka, sannan kana da abin da ni ban samu ba lokacin nawa ginin, wato tsohon da ya riga ya tafka kurakuran duka ya adana maka labarinsu.

Sai dai akwai ɗaki ɗaya a zanen da ba na so a gina. Saboda shi na aika wa maginin da kuka yi magana cewa kada ya sa diga a ƙasa ranar Litinin kamar yadda kuka shirya, sai na ji daga bakinka. Kada ka yi fushi tukuna, ka karanta har ƙarshe. Ka san ban iya gajeren labari ba. Kakata ce ta rene ni, ita kuwa ko gishiri za ta aike ka saye sai ta faro maka daga yadda uban mai gishirin ya shigo garin nan.

Ka tuna kangon bayan gida, wanda kuka tashi kuna wasan ɓuya a ciki kai da ƙannenka, awakin mahaifiyarka suna kwana a ɗakin da na yi niyyar ya zama turakata? Shekara bakwai yana tsaye ba rufi kafin na iya rufe ɗaki biyu, aka rushe sauran. Duk sanda ka tambaye ni sai in ce kuɗi ne suka ƙare. Ban yi maka ƙarya ba, amma ban taɓa gaya maka yadda suka ƙare ba. Yau za ka ji.

Kana ɗan shekara huɗu aka biya mu albashin da muka daɗe muna bi, sai kuma kwasar adashin malaman makarantarmu ta faɗo kaina a wata guda. Ban taɓa riƙe kuɗi irin waɗannan ba. Na yi kwana biyu ina tafiya a unguwa kamar wanda ya sayi rabin Katsina. Na kira wani magini mai suna Idi, mutumin wani ƙauye ne da ke shigowa birni aiki da rani, muka zauna a zaure. Na ce ɗaki biyar nake so. Ya ƙirga bulo, ya ƙirga siminti, ya faɗi ladan aikinsa. Na rubuta a bayan littafin darasi, na haɗa, na ga kuɗina sun kai har da saura. Ka san malamin lissafi ne ni, kuma lissafin nan ko ɗigo bai kuskure ba. Abin da ban rubuta ba ne ya cinye ni.

Ban rubuta ruwa ba. Wa zai tuna da ruwa yana zaune a zaure da randa cike a gefensa? Ranar da aka zuba fandisho 'yan garuwa suka wuni suna safara, da la'asar da na ji abin da zan biya sai da na nemi bango na jingina. Ban rubuta yashi da tsakuwa yadda ya kamata ba, domin na manta tifa ba ta shiga lungunmu. A bakin titi take juyewa ta tafi abinta, sai ka sake biyan masu baro su shigo da shi, kuma kafin su gama duk mai ɗan gyaran daɓe a unguwa ya ɗebi kwano guda yana yi maka fatan alheri. Ban rubuta wayar ɗaure rodi ba, ban rubuta ƙusa ba, ban rubuta katakon linta ba, ban rubuta kunu da ƙosan leburori ba. Kowanne in ka ji shi ƙaramin abu ne. Haɗuwarsu ce ta kwashe mini kuɗin ɗaki guda.

Don haka kafin ka tura ko kwabo, ka zauna da abokinka ku bi ginin daga haƙa har zuwa makullin ƙofa, kuna rubutawa. Kada ku tsaya a bango. Bango shi ne mai araha, kuma shi ne mai ruɗi, don shi ake gani yana tashi kullum. Ranar da gini ya kai linta mutane za su fara tare ka a masallaci suna cewa, "Barka, aiki ya zo ƙarshe." Ka amsa musu da fara'a, amma ka sani ko rabi ba ka kai ba. Akwai katakon rufi da kwano, akwai ƙofofi da tagogi, filasta ciki da waje, silin, wayar wuta, famfo, ramin sokawe. In kun gama rubuta duk wannan, ka ɗora wani abu a kai wanda ba shi da suna. Za ka ji sunansa daga baya.

Abu na biyu, kada ka yi lissafinka da naira. Kuɗin da ka rubuta yau, kafin wata uku ka dawo ka duba sai ka ga kamar yaro ne ya rubuta. Ka yi lissafi da buhun siminti, da sandar rodi, da bandir ɗin kwano. Ka ce, ɗakin nan buhu kaza zai ci, albashina na wata yana sayen buhu kaza bayan na ci na sha na aiko wa mahaifiyata. In farashi ya motsa, sai ka ga nan take wata nawa aka ƙara maka, ba sai ka tsaya kana mamaki ba.

Amma a nan ma na yi wautar da ba na so ka maimaita. Da na ga siminti yana tashi, sai na ce bari in yi wa 'yan kasuwa wayo. Na sayi buhunan filasta tun bango bai kai ƙugu ba, na jibge su a ɗakin ajiya a ƙasa, ba katako a ƙarƙashi. Damina ta shigo ta fita. Ranar da na je ɗauka, na sa hannu na ji kamar na dafa dutse. Ka san duwatsun nan masu siffar matashin kai da ke ƙofar gida, waɗanda dattawan unguwa ke zama a kai bayan la'asar? Ka taɓa tambayar kanka a wane dutse aka sassaƙo su? To, filastar gidanku ce. Har yau in na fito na tarar da mutum a kai yana kora shayi sai in ji kamar in karɓi kuɗin haya. In za ka sayi abu ka ajiye, ka sayi wanda ba ya jin raɓa: rodi, kwano, ƙofar ƙarfe. Siminti kuwa sai an zo aikinsa. Kuma kada ka turo kuɗin gini hannuna su zauna. Ba don zan ci ba. Dangi suna jin ƙanshin kuɗi ta bango, kuma ni ban iya cewa babu ba alhali akwai. Wata guda za ka ji an yi suna uku da biki ɗaya da kuɗin lintarka.

Na ce maka ɗaki biyar na ja. Kuɗin ɗaki biyu ne a hannuna, in da na yi lissafin gaskiya. Mahaifiyarka ta leƙo ranar da ake ja igiya ta ce, "Malam, makaranta za ka buɗe?" Na ce mata mace ba ta san gini ba. Ta ce, "Haka ne, amma na san tukunya. Ba na ɗora wadda itacena ba zai dafa ba." Ta koma ciki. Shekara bakwai ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai in baƙo ya tambayi ina awaki suke ta ce, "Suna turakar Malam." In da ɗaki biyu na tayar na rufe na sa ƙofa, da mun shiga a shekarar, da sauran sun biyo baya a hankali. Kai ma haka za ka yi. Ka zuba fandishon da zai ɗauki benenka tun yanzu, don wannan ba a komawa a gyara shi. Amma a sama, ka ɗauki falo da ɗaki ɗaya da banɗaki ka kai su har makulli kafin ka taɓa na gaba. Ginin da aka rufe yana jiranka ko shekara nawa ne. Wanda ba a rufe ba kowace damina sai ta ɗauki rabonta.

Sai maganar Idi. Mutumin kirki ne, ban taɓa kama shi da ƙusa ɗaya ba. Da bango ya kai linta ya zo ya ce yana da wata buƙata a gida, in ba shi sauran kuɗin jingarsa gaba ɗaya, shi kuwa cikin mako biyu zai gama. Na ba shi. Kwana huɗu bayan nan aka yi ruwan shuka. Da safe na fito na tarar da cebur da kwanon kwaɓa a jingine, ba Idi ba leburorinsa. Na hau mota na bi shi har ƙauyensu, na same shi a gona yana bin layi yana jefa iri.

Na ce, "Idi, haka muka yi da kai?"

Ya ɗago ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da kai. Sannan ya ce, "Malam, bangonka in na dawo bayan wata uku nan zan tarar da shi. Ruwan ga kuwa in ya wuce ni, mi zan ba yara?"

Haka na haƙura. Har fura matarsa ta dama mini. Laifina ne, ni da na san rabin maginan garin nan manoma ne da suka ari cokalin gini kafin damina. Ka tsara aikinka ya fara bayan an kai amfani gida, a yi rufi kafin hadari ya fara haɗuwa. Ka biya magini gaɓa-gaɓa, in ya gama fandisho a biya, in ya kai linta a biya, kuma kullum ya zama akwai ɗan abin da zai dawo ya karɓa. Wannan ba rashin yarda ba ne, shi ma ya fi samun natsuwa a haka.

Duk waɗannan da na lissafa, Abba, ciwo ne da ake warkewa. Da su kaɗai ne da na rufe ginin a shekara ta biyu, don kwanon rufina na nan a jingine, na riga na saya. Abin da ya karya ni daban ne, kuma shi ne dalilin takardar nan.

Ka san gidajen cikin gari a jingine suke da juna, kuma unguwarmu gangare ce. Tun zamanin kakanka, wanda ka ci sunansa, ruwan saman gidaje uku da ke sama da mu yana taruwa a gidan marigayi Malam Sani tela, maƙwabcinmu na gabas, ya fito ta rariyar da ke gindin katangar da ta raba mu, ya bi gefen bayan gidanmu, ya fita ta ƙarƙashin katangar baya zuwa kwata. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda. Kowa dai ya tashi ya tarar da shi haka, kuma kowa ya san ba a taɓa wurin.

Ɗakina na biyar a kan wannan hanya ya faɗo. Da rani ne, ƙasa a bushe ƙamas, rariyar ta cika da shara kamar ramin ɓera. Idi ya dube ta ya ce, "Malam, nan kamar hanyar ruwa ce." Na ce a sa bututu a ƙarƙashi a bi ta kai. Ya ce wane iri, na ce mai araha. A ranar gwaggonka, Yaya Rabi, ta zo daga Gobarau gaishe mu. Ta tsaya a bakin ramin fandisho da mayafinta a ka, ta dubi rariyar, ta dubi bututun, ta ce, "Ina ruwan Malam Sani za shi bi?"

Na ce, "Yaya, an sa mashi hanya ta zamani."

Ta ce, "Wannan abin da ko hannuna ba ya shiga? Kai dai tun kana yaro in aka ce maka wuta da zafi sai ka taɓa."

Na yi dariya, na ce a kawo mata ruwa ta sha.

Da damina ta yi tsakiya, wata ranar Laraba bayan azahar, aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina zaure ina duba littattafan yara sai na ji wani ƙara mai nauyi, ƙasa ta amsa. Na fita ba takalmi. Bututuna ya toshe da leda da ganye, ruwan gida uku ya rasa mafita ya taru a tsakar gidan Malam Sani har gwiwa, ya jiƙa gindin ɗakinsa na ƙasa, ɗakin ya zauna. Nan kekensa na ɗinki yake, da yadudduka na mutane, har da kayan wani biki da ya rage kwana shida. Allah Ya taƙaita, ya fito alwala kenan, yaransa kuma suna makarantar allo. Da minti kaɗan ne da yanzu wani labarin nake ba ka, ko kuma in kasa ba ka shi sam.

Na tarar da shi tsaye cikin laka, ya rungume kan keken kamar jariri. Na jira ya zage ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya dube ni ya ce, "Malam, ruwan bana da ƙarfi." Shi ke nan abin da ya ce, ran nan da duk sauran shekarun da ya yi a duniya.

Mai unguwa ya zo da yamma. Ya zura sandarsa a bututun, ya zaro leda, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ya ce, "Malam, kai ke koya wa 'ya'yanmu cewa babban abu ba ya shiga cikin ƙarami, ko ba haka ba?" Ba wanda ya yi dariya, wannan ya fi dariyar ciwo. Bai yanke mini komai ba, ya ce maƙwabta ne, su daidaita. To me za a daidaita? Washegari na ɗauki guduma na fara fasa ɗakina na biyar da hannuna. Da bulonsa aka tayar wa Malam Sani ɗaki. Kwanon da na saya don rufin gidanku, shi ne a kan ɗakin nan har gobe, in ka hau katanga za ka gan shi. Yadudduka kuwa sai da na yi wata goma sha ɗaya ina biya daga albashi. Ka ji inda kuɗi suka ƙare. Bututun da na yi wa rowa bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba.

Yanzu ka ɗauko zanenka, na haɗo maka shi da takardar nan. Dubi kusurwar gabas. Abokinka ya zo da rani, ya yi awa ɗaya da tef ɗinsa, ya ga wani siririn fili da mahaifiyarka ta shuka zogale da lalle, da kwamin da awaki ke cin dusa a ciki a jingine da katanga. Ya ɗauka filin banza ne, kuma ban ga laifinsa ba, don kwamin nan bakin rariyar ya rufe. Kai ma ba ka sani ba, tunda tun tasowarka ruwa yana wucewa salin-alin ba ka taɓa tambayar ta ina ba. Ɗaki na huɗu a zanen ya hau hanyar daidai inda nawa ya hau. Kuma ruwan yau ya fi na wancan lokacin, domin gidajen sama duk sun daɓe tsakar gidansu da siminti, ƙasa ba ta shan komai, duk abin da ya sauko gare mu yake yowa. Malam Sani ya rasu, amma iyalinsa na nan da jikoki, kuma rabin katangarsu har yanzu ta ƙasa ce.

Na ga abin da ka rubuta da hannunka a cikin ɗakin: "Ɗakin Baba." Na ga banɗakin da ka sa a ciki, na kuma san don gwiwata ka sa shi, don kada in riƙa ratsa tsakar gida da buta da asuba. Na daɗe ina kallon wurin, har mahaifiyarka ta ce ko zanen ya fara yi mini magana ne. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka fiye da haka.

Shekaranjiya na naɗe zanen na tafi Gobarau wurin gwaggonka. Ka san gidanmu gado ne, ba a raba ba, tana da kaso a cikinsa, kuma ba a zuba siminti a ƙasar da ba a san ta wa ba. Na shimfiɗa mata shi, ta riƙe shi a juye, ta yi ta kallo. Ban gyara mata ba. Can ta ce, "Ni ban ga komi ba sai akwatuna. Ina ruwa za shi bi?"

Na ce, "Yaya, tambayar da kika yi mini kenan shekara talatin da suka wuce."

Ta ce, "To ai ba ka amsa ba har yau."

Ta ce kasonta ta bar maka ka gina, Allah Ya sa albarka, amma da sharaɗi biyu: a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu, don 'ya'yanta da naka kada su sami abin faɗa bayan ba mu, kuma a bar hanyar ruwa a buɗe. Ta kuma ce in gaya maka za ka tafi ba ka kai mata goro ba, tana sane. Ka kira ta.

Na dawo gida na nemo jan birona na makaranta, wanda na rantse ba zan sake taɓawa ba bayan ritaya. Layin da ka gani daga katangar gabas zuwa ta baya, hanyar ruwan kenan. Faɗinta taku uku. Ɗakin da na soke kuwa nawa ne, don haka ba wanda zai ce na yi masa shisshigi. Ka sa abokinka ya sake zane da ɗaki uku. A gina wa ruwa kwata mai faɗi da siminti, a buɗe, ko a rufe da marafan da mutum ɗaya zai iya ɗagawa ya share. Wannan shi ne aikin farko, kafin fandisho, kafin komai. Kuɗin da ka ware wa ɗakina kuwa kada ka raba su a sauran ɗakunan. Ka ajiye su gefe, su ne abin nan mara suna da na ce ka ɗora a kan lissafi. Ranar da sunansa ya bayyana za ka biya ba tare da ka tsayar da aiki ba.

Ni ka bar ni a ɗakina na kusa da zaure. A nan nake jin duk wanda ya yi sallama, a nan nake jin kiran salla tun ladan yana gyaran murya. Tafiyar banɗaki kuwa, likita ya ce in riƙa motsa ƙafa, ita kaɗai ce maganarsa da nake bi. In ka ga dole sai ka yi mini wani abu, ka sa a kafa mini ƙarfen dafawa a jikin bango daga ƙofata zuwa can. Ya ishe ni.

Ɗaki uku da falo da za a gama, a shiga, a yi barci ana ruwan sama ba wanda ya tashi yana leƙen katangar maƙwabta, wannan gini ne da za ka yi cikin shekarun aikinka a can ba tare da ka ci bashin kowa ba. Na auna, na sake aunawa, kuma wannan karon na rubuta ruwa.

Magini yana jira, ni ma ina jira. In ka karanta ka yarda, ka nemi wurin da ba ƙarar mota, ka kira ni ka ce "To Baba." Sau ɗaya ya isa, in dai da kunne biyu ka faɗe ta.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka ci abinci, ka riƙa kiran mahaifiyarka ko ba ka da abin cewa. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa albarka a abin da kake samu, Ya kare ka daga haɗarin hanya da sharrin mutum, Ya dawo mana da kai lafiya ka buɗe ƙofar ginin nan da hannunka. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.